RUNDUNA TA UKU: DAGA BAKIN TEKU ZUWA DUWATSUN JOS

Idan aka ambaci Runduna ta Uku ta sojan Nijeriya, abin da ke faɗo wa yaranmu na yanzu a rai shi ne Jos, da barikin Rukuba, da tankokin yaƙi masu ƙafar sarƙa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a nan bakin teku aka haifi wannan runduna, kuma a garuruwan da muke zaune yau, watau Fatakwal da Kalaba da Aba da Owerri, ta yi yaƙin da ya sa aka san ta. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. To bari mu waiwaya, domin labarin wannan runduna ya taɓa gidan kowannenmu, ko ya sani ko bai sani ba.

YADDA AKA WATSE A 1966

Kafin yaƙi iyayenmu sun daɗe da kafuwa a wannan yanki. Akwai fataken shanu, da masu goro, da mahauta, da maɗinka, da malamai. Unguwar Bogobiri ta Kalaba da Ama Awusa ta Owerri ba jiya aka kafa su ba. Kai, zaman ya yi daɗin da har wani Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe a cikin shekarun 1950.

Shekarar 1966 ce ta rushe wannan duka. Ranar 15 ga Janairu aka yi juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu. Ranar 29 ga Yuli aka yi na ramuwa. A watan Mayu, sa'an nan kuma a Satumba da Oktoba, aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwararo gida da abin da ke jikinsu kawai. Nan ma fa aka far wa namu a garuruwan Gabas, aka yi asarar rayuka da dukiya. A watan Oktoba Gwamnan Gabas, Laftana-Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ne ya fita, don ba zai iya lamunce tsaron ransa ba. Haka unguwanninmu suka zama kufai, kowa ya ɗaure ƙunshinsa ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ya yanke wa mutanen Ribas da na Kalaba nasu jihohin daga cikin tsohon Yankin Gabas. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara. Ranar 6 ga Yuli bindiga ta fara tashi.

SOJAN DA SUKA ZO TA RUWA

A lokacin, sojan Nijeriya gaba ɗayansu ba su fi wajen dubu 10 ba. Babban harin daga Arewa ya taso, ta Nsukka da Ogoja. Amma gwamnatin tarayya ta san cewa ƙarfin Biyafara yana bakin ruwa, inda man fetur yake, inda kuma jiragen makamai za su iya sauka. Don haka aka ɗebi sojan da ke tsaron Legas aka zuba su a jiragen ruwa, aka ɗora masu wani saurayin hafsa, Laftana-Kanar Benjamin Adekunle.

Shi wannan Adekunle ɗan zaman baƙunta ne kamar 'ya'yanmu. A Kaduna aka haife shi a 1936, mahaifinsa mutumin Ogbomosho, mahaifiyarsa Babachamiya daga Adamawa. Ya yi horon hafsa a Sandhurst ta Ingila. Ɗan ƙaramin mutum ne a jiki, ga zafin rai, ga kaifin baki, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Baƙar Kunama.

A ƙarshen Yulin 1967 mutanensa suka sauka a tsibirin Boni, inda ake loda ɗanyen mai, suka ƙwace shi. Da sojan Biyafara suka tsallaka Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma a watan Agusta har suka kai Ore, sai aka juya Adekunle ya bi ta fadamun Warri da Sapele ya share su, yayin da Murtala Muhammed ya biyo ta tudu da Runduna ta Biyu. Ta Ɗaya kuwa tana hannun Muhammadu Shuwa ta wajen Inugu. A wannan tsakanin ne aka ɗaga ƙungiyar Adekunle ta zama Runduna ta Uku, shi kuma ya ga sunan bai yi masa armashi ba, ya raɗa mata 3 Marine Commando, watau sojan ƙundumbala na ruwa. Har yanzu dattawan wannan yanki da 'yan kwamando suke kiransu.

Kada mai karatu ya ji suna ya zaci wasu ƙwararru ne da aka shekara ana horarwa. Yawancinsu sababbin ɗauka ne da aka koya wa harbi cikin 'yan makonni: leburori, da 'yan tasha, da 'yan makaranta, da masunta. An haɗa su da tsofaffin sojan da suka yi yaƙin Bama, waɗanda aka sake kira daga gida. Akwai Yarbawa, akwai mutanen Ribas da Kalaba, akwai 'yan Binuwai da Filato, akwai namu. Mutanen ruwa irin su Isaac Adaka Boro, wanda Gowon ya fito da shi daga kurkuku, su ne suka nuna hanya cikin surƙuƙin rafuffukan da baƙo ba zai iya bi ba. Batun sulke kuwa, babu manyan tankoki a lokacin. Abin da ake da shi 'yan motoci ne masu sulke ƙirar Ingila, Ferret da Saladin da Saracen, su ma a kan kwalta kaɗai suke da amfani. A cikin fadama kwalekwale da ƙafa su ne abin hawa.

A watan Oktoba 1967 suka ci Kalaba ta ruwa. Daga nan suka tsallaka Kogin Kuros, suka ratsa ƙasar Ibibiyo da Anang da Ogoni da ƙafa, cikin damina da laka, har suka shiga Fatakwal a watan Mayu 1968. A wannan tafiyar ce aka kashe Boro a wajen Okrika. Faɗuwar Fatakwal ita ce ta karya ƙashin bayan Biyafara, domin rana ɗaya ta rasa tashar jiragen ruwa, da filin jirgin sama, da matatar mai ta Eleme. Daga ranar ba ta da sauran ƙofa zuwa teku.

ABIN DA NASARAR TA CI

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Rufe ƙofar teku ya gajarta wa Biyafara numfashi, amma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu ba masu bindiga ba ne. Miliyoyin mutane suka cunkushe a ɗan ƙaramin fili, babu kifi, babu nama, babu gishiri. Cutar kwashiyoko ta shiga yara, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Hanya ɗaya da ta rage ita ce wani titin mota da aka faɗaɗa a Uli, inda jiragen agaji na coci-coci da na Red Cross ke sauka cikin duhun dare, jiragen makamai ma suna bin sahunsu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya sha bamban, daga dubu 500 har zuwa miliyan 2, kuma yunwa ce ta kashe mafi yawansu. Maƙwabtanmu da muke ciniki da su a kasuwa yau, da wuya ka sami gidan da bai binne wani ba a waɗannan shekaru.

Ita kanta rundunar ta yi ƙaurin suna wajen ƙeta. Adekunle ya sha gaya wa 'yan jaridar Turai maganganu masu zafi game da agaji da masu kai shi, waɗanda suka zama makami a hannun masu farfagandar Biyafara. Gowon ya rarraba wa soja takardar ƙa'idojin yaƙi, wadda ta hana taɓa mata da yara da wanda ya miƙa wuya, amma takarda daban, daji daban. A 1968 wani laftana ya harbe wani saurayi da aka kama ba makami a hannunsa, a gaban kyamarar 'yan talabijin na Ingila. Duniya ta gani, aka yi wa laftanan shari'ar soja, aka harbe shi. A wannan shekarar ce gwamnati ta gayyato masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan, da Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, don su zo su ga yadda ake yaƙin da idonsu.

DARASIN OWERRI

Bayan Fatakwal sai Adekunle ya ɗauki alwashin cin garuruwa uku a jere, Owerri da Aba da Umuahia. Haruffan farkonsu suka ba da OAU, daidai da sunan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Turance, aka sa wa harin wannan suna. Aba ta faɗi a farkon Satumba 1968, Owerri ta biyo baya a tsakiyar watan. Har Oguta suka taɓa, ƙofar Uli ke nan, kafin a kore su.

To a nan ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Dalilan kuwa a fili suke. Na farko, a ƙasar Ribas da Kalaba mutanen gari da yawa suna tare da sojan tarayya, suna nuna masu hanya. Yanzu kuwa an shigo tsakiyar ƙasar Ibo, inda kowane ƙauye ya ɗauka cewa in ya faɗi an gama da shi. Na biyu, rundunar ta miƙe ta yi siriri, daga Kogin Kuros har kusa da Kwara, ga sojan sun gaji, ga hanyar kawo harsashi ta yi nisa. Na uku, a daidai wannan lokaci makaman Faransa suka fara shigowa Biyafara ta Gabon da Kwaddibuwa. Ga kuma nakiyar da Biyafara ta ƙera da kanta, ogbunigwe, wadda ke tarwatsa ayari guda. Na huɗu, rundunonin tarayya uku kowace tana yaƙinta kamar ita kaɗai ce, ba mai jiran wani, ba mai taimakon wani. Harin Umuahia ya watse, aka yi asarar mutane masu yawa.

Sai Biyafara ta juyo kan Owerri. Sannu a hankali ta datse hanyoyin shiga garin ɗaya bayan ɗaya, har Birged ta 16 ta Laftana-Kanar Etuk ta wayi gari a kewaye. Aka koma jefa masu abinci da harsashi ta sama, wani ya faɗa hannunsu, wani ya faɗa hannun abokan gaba. Suka yi makonni a haka. Aka kashe mataimakin kwamandan, Manjo Hamman. A ƙarshen Afrilu 1969 Etuk ya tattara sauran mutanensa da masu rauni, ya fasa kewayen ya fice. A cikin makon ne Runduna ta Ɗaya ta ci Umuahia, amma murna ta koma ciki, domin Biyafara ta sami sabuwar hedikwata a Owerri.

Abin lura a nan, jama'a: shiga gari da bindiga abu ne mai sauƙi in kana da ƙarfi. Zama a cikinsa, alhali duk ƙauyukan da ke kewaye ba su yarda da kai ba, shi ne aikin. Mu riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi a gaba.

A watan Mayu 1969 Gowon ya sauya kwamandojin rundunonin uku gaba ɗaya. Aka ba Kanar Olusegun Obasanjo ta Uku, hafsan injiniyoyi ɗan shekara 32. Ya tarar da soja sun karaya, wasu sun gudu, wasu suna harbin hannunsu don a kai su asibiti. Ya fara da gyaran albashi da abinci da horo, ya daidaita bakin dāga, bai yi gaggawa ba. Da damina ta ɗauke aka yunƙura. A ƙarshen Disamba suka haɗu da Runduna ta Ɗaya a Umuahia, suka raba ragowar Biyafara biyu. Owerri ta sake faɗuwa ranar 9 ga Janairu 1970. Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa. Ranar 12 ga wata mataimakinsa Philip Effiong ya yi jawabin ajiye makami a rediyo, ya gana da Obasanjo a Amichi, sa'an nan ranar 15 ga Janairu aka kammala miƙa wuya a gaban Gowon a barikin Dodan da ke Legas.

Har yau ana gardamar wa ya fi cancantar yabo. Obasanjo ya ba da nasa labarin a littafinsa My Command na 1980. Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Adekunle, ya mayar masa da martani a The Tragedy of Victory na 2013, inda ya ce an danne haƙƙin waɗanda suka yi wahalar tun daga farko, har da Alani Akinrinade da ya fara isa wurin Effiong. Adekunle dai an yi masa ritaya a 1974 yana Birgediya, ya rasu a Legas a 2014.

BAYAN AN AJIYE BINDIGA

Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Rundunar ta koma sunanta na Runduna ta Uku ta sojan ƙasa, hedikwatarta a nan Fatakwal. A bayanta ne iyayenmu suka fara dawowa, wasu tun kafin a gama yaƙin, suna kawo wa barikoki shanu da albasa da goro. Wasu kuma sojan ne da kansu, waɗanda bayan sallama suka ga sun saba da wurin, suka yi aure suka zauna. Gidaje da dama a unguwanninmu asalinsu ke nan.

Amma akwai abin da idonmu ya gani a garin nan wanda bai kamata mu manta ba. Ibo da suka gudu daga Fatakwal a 1968 sun dawo sun tarar an sa wa gidajensu suna dukiyar da aka yi watsi da ita, kuma da yawa ba su sake mallakarsu ba. Wanda ke da kuɗi a banki ya taɓa su a zamanin Biyafara, fam 20 aka ba shi, komai yawansu. A Arewa kuwa an sami maƙwabta da dama da suka riƙe wa Ibo gidajensu, suka tara masu kuɗin haya, suka damƙa masu da suka dawo. Runduna ce ta buɗe hanya, amma ba ita ta yanke wanda zai sami gidansa da wanda zai rasa ba. Wannan ya rataya ne a kan hukumar gari da kuma halin maƙwabci.

Ita kuma gwamnati sai ta sami kanta da soja wajen dubu 250, babu isassun barikoki, da yawa ba su iya karatu ba, suna zaune cikin gari suna takura wa jama'a. Da farko aka tsara rundunonin ta yadda kowace za ta riƙe yanki daga Arewa har teku, don a kashe tunanin tsofaffin yankuna. Theophilus Danjuma ya shugabanci ta Uku daga 1971 zuwa 1975, kuma da ya zama Hafsan Hafsoshin sojan ƙasa shi ya ja ragamar rage yawan soja. A cikin waɗannan shekaru na 1970 ne aka ɗauke hedikwatar rundunar daga bakin teku aka kai ta Jos, daga baya aka damƙa mata tsaron Arewa maso Gabas. Ka ga ikon Allah: rundunar da ta yi yaƙi a inda muke baƙunta, sai ga ta ta koma gadin inda muka fito.

ZAMANIN TANKOKI

Me ya sa aka mai da ita mai sulke? Amsar tana Cadi. Yaƙin basasar ƙasar ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A Disamba 1980 tankokin Libiya suka shiga Njamena, a Janairu 1981 Gaddafi ya yi shelar haɗe ƙasashen biyu. Njamena kuwa ba ta da nisa da iyakar Borno. Ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, fili fetal, irin wadda tanka ke so, ba kamar fadamun Ribas ba. Ga kuɗin mai a hannu. Sai Nijeriya ta sayo T-55 daga Tarayyar Sobiyet, mai nauyin tan 36 da igwa mai bakin milimita 100. Ta yi odar Vickers daga Ingila, mai igwar milimita 105, kowace da mutum huɗu a ciki. Akwai kuma 'yar ƙaramar Scorpion mai wajen tan 8, ta leƙen asiri. A farkon shekarun 1980 aka sauya wa rundunar suna ta zama Runduna ta Uku Mai Sulke, da Birged ta 21 a Maiduguri, ta 23 a Yola, makarantar koyon aikin sulke kuma tana Bauchi.

Gwajin farko ya zo a 1983, lokacin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ne kwamanda, wanda ya karɓi rundunar a 1981. Fari ya sa Tafkin Cadi ya janye ƙwarai, tsibirai suka ɓullo inda da ruwa ne, masunta da manoma suka bi su, ba wanda ya san takamaimai ina iyaka ta tsaya. A watan Afrilu sojan Hissène Habré suka mamaye wasu tsibirai na ɓangaren Borno. Rundunar ta kore su, ta kuma bi su har cikin ƙasarsu, abin da ya wuce umarnin Shugaba Shehu Shagari, wanda ya fi son a sasanta a teburi. A ƙarshe sasantawar aka yi. Amma kowa ya ga cewa hafsoshi sun fara jin sun fi ƙarfin farar hula. Ranar 31 ga Disamba 1983 aka kifar da Shagari, aka ɗauko kwamandan Jos aka ba shi ƙasa.

Ashe ke nan mutum biyu da suka riƙe wannan runduna sun mulki Nijeriya da kaki, sa'an nan suka dawo suka mulke ta da ƙuri'a: Obasanjo daga 1976 zuwa 1979 da kuma 1999 zuwa 2007, Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa 1985 da kuma 2015 zuwa 2023. Wannan abin alfahari ne ga bariki. Ga ƙasa kuwa yana nuna yadda yaƙin watanni 30 ya riƙe wuyan siyasarmu fiye da shekara 50.

YAƘI A CIKIN GIDA

Tankokin da aka saya don Libiya ba su taɓa haɗuwa da Libiya ba. Tun daga lokacin, yawancin aikin rundunar a cikin gida ne. Rikicin 'yan Maitatsine ya tashi a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984 inda sai da aka kira soja, da Gombe a 1985. Hafsoshinta da sojanta sun je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, kuma barikin Rukuba yana ɗauke da sunan Birgediya Maxwell Khobe, ɗan Adamawa, wanda ya yi suna a Saliyo ya rasu a 2000.

Sai kuma garin da hedikwatar take ya kama da wuta. Jos ta ƙone a Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010, a kan rigimar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Wannan kalma ta baƙo mun san nauyinta fiye da kowa. Ga bariki cike da sulke a bayan gari, amma bai hana maƙwabci ya ƙone gidan maƙwabcinsa ba. In soja sun fito a kan sami sauƙi, sa'an nan kowane ɓangare ya zarge su da goyon bayan ɗayan. A 2010 sai da aka kafa runduna ta musamman ta haɗin gwiwa don Filato kaɗai.

A Yulin 2009 kuma aka tura sojan rundunar su murƙushe tayar da ƙayar bayan Muhammad Yusuf a Maiduguri. Cikin 'yan kwanaki suka rusa cibiyarsa, mutum fiye da 700 suka mutu, suka kama shi da rai suka miƙa wa 'yan sanda, ya mutu a hannunsu. Aka ce an gama. Ba a daɗe ba abin ya dawo da muni fiye da na da. A Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, a watan Agusta aka kafa Runduna ta Bakwai a Maiduguri, aka yanke mata Borno daga hannun ta Uku. A Oktoba 2014 Mubi ta faɗi, kuma da aka ƙwato ta a watan Nuwamba, maharba da 'yan banga masu bindigar toka suna cikin waɗanda suka taimaka, don su suka san daji, su jama'a ta yarda da su. Darasin Owerri ke nan ya sake dawowa bayan shekara 45. Da yawa daga cikin samarin da suka cika unguwanninmu a 'yan shekarun nan, masu acaɓa da masu tura baro da masu gadi, wannan wutar ce ta koro su.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu raina soja ba. Dubbai daga cikinsu sun kwanta a fadamun Ribas da dazukan Owerri da rairayin Borno, wasu ko kabarinsu ba a sani ba, kuma ba don su ba da wataƙila sai da fasfo za mu zo garin nan. Allah ya jiƙan musulminsu, ya ba iyalan sauran haƙuri. Amma tarihin wannan runduna, daga Boni zuwa Mubi, ya nuna iyakar abin da ƙarfe zai iya yi. A 1966 akwai bataliya a Inugu, akwai a Kano da Kaduna, ba su hana a watse ba. Wanda ya tsira a lokacin, nan da can, galibi wani maƙwabci ne ya ɓoye shi a ɗaki ko ya raka shi tasha.

Saboda haka muna kira ga shugabannin unguwanni da sarakunan Hausawa da su ci gaba da riƙe zumunci da masu masaukinmu tun ana zaman lafiya, a je masu gaisuwar mutuwa, a gayyace su suna da biki, a kashe ƙaramar rigimar kasuwa kafin ta kwana. A ja wa samari kunne, musamman sababbin zuwa, game da yaɗa jita-jita a waya. Wanda ya sayi fili ko gida ya tabbata takardunsa sun cika, ya kuma ajiye kwafinsu a gida Arewa.

Sa'an nan akwai aikin da ba ya jira. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1968, yau ya haura 75. Akwai irinsu a cikinmu, akwai kuma tsofaffin da suka hau jirgin gudu a 1966 suka dawo a 1970. Duk mai irin wannan dattijo a gidansa ya zauna da shi, ya ɗauki maganarsa a waya ko a takarda: ina suka sauka, wa ya taimake su, me suka tarar da suka dawo. Littattafan janar-janar sun faɗi nasu, na ƙananan soja da fatake ne ba a rubuta ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana, amin.